Yadda Bakina Ya Cinye Mini Asabar

Ni dai ban yi boko mai nisa ba, a aji shida na firamare na tsaya, amma kunne kam Allah ya ba ni. Abin da na ji sau ɗaya ya zauna ke nan, har da muryar mai maganar da inda ya tsaya ya ja numfashi. A gidanmu na Zariya in baƙi sun tafi, ni ake sawa in maimaita hirarsu, ana dariya har da riƙe ciki. Da wannan kunnen da wannan bakin na zo Amurka a tsakiyar shekarun tamanin, lokacin da mai gidana ya samu aikin injiniya a Washington, ya kama mana gida a Bowie, wani ɗan gari a gefen birnin.

Gida mai kyau, ba zan yi wa Allah butulci ba. Ciyawa a gaba, ciyawa a baya, babu katanga, babu zaure. Sai dai babu mutane. Da safe ƙofofin gareji su ɗaga, motoci su fita, ƙofofin su sauka, shi ke nan unguwa ta mutu sai yamma. Maƙwabtanmu baƙaƙen fata ne kamarmu, masu kirki, suna ɗaga mini hannu daga cikin mota, amma Turancinsu gudu yake yi, nawa kuma rarrafe. Ban iya mota ba. Kantin da ya fi kusa, na taɓa gwada zuwa da ƙafa, na tarar hanyar masu tafiya a ƙasa ta ƙare a bakin wani babban titi, na tsaya ina kallon motoci kamar akuyar da aka ɗaure, na juyo. Ni dama mai son zaman gida ce, amma zaman gidan da na sani akwai sallama a cikinsa, akwai mai zuwa aron turmi, akwai mai leƙowa ta katanga. Wannan kuwa daga ni sai ƙarar firji. Haihuwa ma lokacin Allah bai kawo ba tukuna. Har magana nake yi da tukunya, wallahi, ina tambayarta ko ta tafasa.

Abin da ya riƙe ni shi ne Asabar.

Daga ƙarshen zafi zuwa shigowar sanyi, duk Asabar ana buga ƙwallon jami'o'i, irin tasu ta Amurka, wadda ƙwallon take kamar gwanda, ana rungumarta a ƙirji ana gudu, ƙarti sanye da kwalkwali suna danne juna. Mai gidana ya yi karatu a wata jami'a a kudancin ƙasar, 'yan wasanta ja suke sawa, kuma in ka ga yadda yake son su sai ka rantse a garin aka yanke masa cibiya. Abokansa biyu suke zuwa kallo gidanmu. Ɗaya mutumin Jos ne, Kirista, mai harhaɗa magunguna, yana zaune a Upper Marlboro. Shi a can arewacin ƙasar ya yi karatu, inda ƙanƙara take rufe mota, 'yan wasansu shuɗi suke sawa. Ɗayan muna ce masa Dakta, Bakatsine ne, malamin jami'a, gwauro, yana zaune a Annandale ta can Virginia. Shi kuma a bakin tekun yamma ya yi nasa karatun.

Ni ba su nake jira ba. Matar mutumin Jos nake jira. Nas ce, ta girme ni da shekara kusan goma, ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. Hausarta ta Jos ce, mai sauri, mai gishiri. Duk mako sai ta yi musayar aiki da wata don Asabar ta zama tata. Kafin a fara wasa takan ɗauke ni a motarta mu je kanti, in taɓa tumatir da hannuna, in zaɓi kaza da idona. Lokacin kabewa ne, Turawa suna saye suna fafe ta su yi mata ido da baki su ajiye a ƙofar gida, mu kuwa mu saya mu yi miyar taushe. Mu dawo mu shige kicin, ni ina tuƙa tuwon shinkafa, ita tana yanka alayyafo, baki bai tsayawa. Maganar kwana shida nake tarawa in juye mata a wuni ɗaya. Wani lokaci ta ce, “Ƙanwata, ki ja numfashi mana, ba guduwa zan yi ba.”

Ƙofar kicin ɗin a buɗe take zuwa falo, don haka duk abin da mazan suke faɗa yana shigo mini. Wasan kansa ban daɗe ba na gane shi. Sau huɗu ake ba ka dama ka ci yadi goma, kamar masu auna shadda, in ka kasa ka ba abokin hamayya. Alƙalin wasa in ya ga laifi ya jefa ƙyalle rawaya. Amma ba wasan ne ya fi daɗi ba, musun ne. Jami'o'in rukuni-rukuni suke, na kudu daban, na arewa daban, na yamma daban, ba kasafai suke haɗuwa ba, kuma a lokacin zakaran shekara da ƙuri'a ake fitar da shi, 'yan jarida da masu horarwa su zauna su jera wanda ya fi. To ka ga an bar ƙofar gardama a buɗe.

Mai gidana ya ce, “Ku fa ba ƙwallo kuke yi ba, noma kuke yi. Shanun huɗa. A ba ƙato ƙwallo ya yi taku uku ya faɗi a cikin laka, a tashe shi ya sake.”

Mutumin Jos ya ce, “Injiniya, aƙalla namu shanun suna shiga aji. Naku fa? A ba yaro takardar jarrabawa ya tambaya ta ina ake riƙe ta.”

“Hassada ce! Duk 'yan jaridar nan a makarantunku suka yi karatu, shi ya sa ko wa kuka doke sai a ɗaga ku sama.”

“Mu ake ɗagawa? Ku da kuke gayyato 'yan ƙananan makarantu gida ku yi musu dukan tsiya, ku ce kun yi nasara? Ku zo arewa a watan sanyi mana, mu ga ko yatsunku za su riƙe ƙwallo.”

Dakta ya gyara tabarau ya ce, “Ku biyun duk 'yan gata ne. Mu lokacin da muke buga namu wasan, masu ƙuri'ar sun yi barci. Da safe su duba jarida su ga lamba kawai. Wanda bai gan ka ba ta yaya zai zaɓe ka?”

Su biyun su haɗa baki su ce, “Dakta, yi shiru, manya na magana.”

Abin da ya fi ba ni dariya, mai gidana Bakano ne tun kaka da kakanni, amma a falon nan shi ne ɗan kudu, yana cewa “mu 'yan kudu” har da dukan ƙirji. Mutumin Jos kuwa ya ce, “Allah mai iko, sai da na haye teku na zama cikakken ɗan arewa.”

Da na saurare su na mako biyu uku, sai na ce a raina, ai na san wannan. Wasan taubasai ne. Ni Bazazzagiya ce, mijina Bakano, tsakaninmu da Kanawa akwai wasa tun fil azal. Tun kafin aure in ya zo zance nake ce masa bawana, ya ce ni ce baiwarsa, iyayena suna ji ba mai tsawatarwa. Da 'ya'yan kawuna ma haka muka tashi. Ƙa'idar ɗaya ce: komai zafin maganar da aka yaɓa maka, ba ka fushi. Wanda ya ɓata rai shi ya faɗi, shi za a yi wa dariya. Kuma gwargwadon kusancinku, gwargwadon zurfin inda za ka taɓa. Sai na ɗauka kudu da arewa na Amurka su ma Kanawa da Zagezagi ne, Turawa sun yi nasu da ƙwallo.

Na fara sa baki kaɗan-kaɗan. Wata Asabar na kawo tsire a faranti, na tarar masu shuɗi suna shan kashi, mutumin Jos ya dafe kai. Na ce, “Baban yara, a kawo wa shanun naku dusa ne ko za su tashi?” Falon ya fashe. Shi kansa ya yi dariya har ya ƙware, yana nuna ni da tsinke yana cewa, “Injiniya, ka koya wa amarya rashin kunya!” Mai gidana kuwa ranar kamar an ba shi sarauta. Da suka tafi ya ce in maimaita, na maimaita da muryar mutumin Jos, ya kwanta a kujera yana dariya. Wani makon na taɓa Dakta, na ce in ya ga dama zan riƙa buga wa masu ƙuri'ar waya ina tashinsu daga barci. Nan ma aka yi dariya. Na ji kamar na dawo tsakar gidanmu. Mutum ya yi wata da watanni ba wanda ya yi dariya don maganarsa, in ya samu, ba ya sanin inda zai tsaya.

Saura mutum ɗaya ban taɓa ba a gaban mutane, kuma shi ne ma abokin wasana na gaskiya.

Akwai wani abu da mai gidana ya gaya mini a watana na farko a ƙasar. Ya dawo daga aiki da la'asar ya tarar da ni zaune a kan matakala ina kuka, akwatina a buɗe. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a matakalar ƙasa da tawa, ya ce bari ya ba ni labarin nasa zuwan. Ya ce shekara huɗun da ya yi a garin nan na kudu, ranar wasa a ɗakin cin abincin ɗalibai yake wuni yana wanke faranti, don ranar ce aka fi neman ma'aikata. Filin wasan yana kusa, in an ci sai ihun ya shigo ta taga har cokula su yi rawa a cikin kwando. Ya ce sau ɗaya wani ya ba shi tikiti, ya yi wanka ya sa rigarsa mai kyau ya je har bakin ƙofa, ya ga irin kallon da Turawa suke masa a layi, sai ƙafarsa ta ƙi, ya juya ya koma ɗaki. Bai taɓa shiga ba. Ya ce, “Kin ga ni ma na yi nawa zaman kicin ɗin, kuma ga shi ya wuce.” Har ya yi 'yar dariya da ya faɗa. Wannan dariyar ce ta yaudare ni.

Asabar ta ƙarshen watan Nuwamba ita ce babba, ranar da kowace makaranta take karawa da babbar abokiyar gabarta. Ganye duk ya zube, bishiyoyi sun zama ƙirare. Na yi waina a tandar da na zo da ita daga gida, Yaya ta kawo kunun gyaɗa a babban fulas. Masu ja suna gaba, mai gidana ya kasa zama, yana tsaye a tsakiyar falo da hular ƙungiyarsu a kan kaftani.

Mutumin Jos ya ce, “Alƙalin nan ɗan garinku ne. Ka ga ƙyallen ya maƙale masa a aljihu.”

“Ba alƙali ba ne, fili ne! Kai ba ka san filinmu ba. In jama'a suka ɗauki ihu, baƙo ko sunansa ba ya tunawa. Ƙasa rawa take yi a ƙarƙashin ƙafarka. Ni da na zauna a ciki shekara huɗu, duk Asabar, ni zan gaya maka. Naku filin ai maƙabarta ce.”

Daidai nan na shigo da tiren waina. Ban yi tunani ba, ko kuma in ce na yi, na ga dama ce ta faɗo mini daga sama. Na ajiye tiren, na riƙe ƙugu, na ce, “Kai bawana, ji tsoron Allah! Wane filin ka zauna? Ba kai ka ce mini a kicin kake wuni kana wanke wa Turawa faranti ba, ihun ma ta taga kake jin sa? Ranar da aka ba ka tikitin ma ai daga bakin ƙofa ka juyo!” Har na kwaikwayi yadda ya juya, da kafaɗa a sunkuye.

Dakta ya fara dariya, ha ɗaya, ya haɗiye sauran. Ina tsaye ina jiran ramuwa, don a wasan taubasai ramuwa ake yi, ina sa ran mai gidana ya ce mini ke da kika zo Amurka kina neman inda ake ɗiban ruwa a rijiya, ko wani abu mai kama da haka, a yi dariya a wuce. Bai rama ba. Ya yi murmushi, ya cire hular ya riƙe a hannu, ya zauna a bakin kujera.

Mutumin Jos ya yi gyaran murya ya ce, “Ai dukkanmu mun wanke faranti, Injiniya. Ni har bayi na wanke.” Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma sai ya zama kamar jaje, kuma jajen ya fi maganata ciwo. Masu ja suka ƙara ci, filin da ke cikin talabijin ya ɗauki ihu, ba wanda ya motsa a falonmu.

Yaya ta kira ni daga kicin, wai kunu zai zube. Babu kunun da zai zube. Ta tura ƙofar, wadda ba mu taɓa rufewa ba, ta ce, “Ƙanwata, me kika yi haka?”

Na ce, “Wasa ne fa, Yaya. Bakano ne. Su ma ba wasa suke yi ba?”

Ta ce, “Suna zagin makaranta, suna zagin alƙali, suna zagin ƙanƙara. Kin taɓa ji ɗaya ya taɓa abin da ɗaya ya sha a ƙasar nan? Nawa mijin kin san abin da aka yi masa a can arewan da yake wa kirari? Ni na sani, kuma a bakina zai ruɓe.”

Suka tafi tun kafin magariba, waina ko rabi ba a ci ba.

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Washegari na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, “Tashi mana. Ai ba ƙarya kika yi ba.” Ya ci abincinsa, ya yi mini sannu da aiki, ya tambaye ni ko akwai abin da ya ƙare a kicin. Ranar Juma'a yana ɗaura agogo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, Dakta ya sayi sabuwar talabijin mai faɗi, gobe a can Annandale za su yi kallo, kada in wahalar da kaina da girki.

Na ce, “To mu fa? Ni da Yaya?”

Ya ce, “Ɗakin gwauro ne, kujera uku gare shi.”

Na ɗauka mako ɗaya ne. Aka yi kallon wasannin sabuwar shekara a can, kakar wasan ta ƙare. Na ce to bari wata shekarar ta zagayo. Ta zagayo, suka ci gaba da zuwa Annandale. Su ukun ba abin da ya same su, abotarsu ma ƙaruwa ta yi. Yakan dawo da fara'arsa yana ba ni labarin yadda ya ƙure mutumin Jos, sai dai ban sake jin ya ce ya zauna a filin nan ba, hular kuma a mota yake barinta. Na sake roƙonsa sau biyu ya dawo da kallon gida, na yi alkawarin ko tari ba zan yi ba. Ya ce ba komai, wallahi ya manta, can ɗin dai ya fi musu sauƙi. Daga Bowie zuwa Annandale sai an ratsa birnin gaba ɗaya an haye kogi, ni ma da ban iya mota ba na san wannan ba sauƙi ba ne.

Yaya kuwa, da aka daina taron, ba ta da hujjar da za ta ba abokan aikinta, Asabar ɗinta ta koma cikin jadawalin asibiti, ga yara, ga coci ranar Lahadi. Muna waya, amma waya da mai aikin asibiti minti biyar ne, ana kiranta ta ajiye. Sayayya ta koma hannun mai gida, ya biya kanti a hanyarsa ta dawowa da 'yar takardar da na rubuta da hannuna mai karkata. Asabar ta zama kamar Talata, sai ma ta fi tsawo, don na san a wani ɗaki can hayin kogi ana Hausa da ƙarfi. Wani lokaci nakan kunna wasan ni kaɗai. Na iya shi sarai, har nakan riga alƙali ganin laifi. In maganar tsokana ta zo mini, mai kyau, wadda na san za ta kayar da falo, sai in faɗe ta a hankali in ci gaba da tsince shinkafa.

Wata Laraba da hantsi na ji mota ta tsaya a ƙofar gida. Yaya ce, da fararen kayan aikinta, ta tashi daga aikin kwana ta ce bari ta biyo ta gan ni kafin ta wuce gida. Na rasa inda zan sa ta. Na jawo ta kicin, na zaunar da ita, na ɗora shayi, na fasa ƙwai, bakina yana ta zuba: mafarkin da na yi, wasiƙar da ta zo daga Zariya, maƙwabciyar da ta kawo mini wani burodi mai zaƙi ban san yadda zan rama ba. Ina juya ƙwai ina magana, na yi tambaya ban ji amsa ba. Na waiga. Ta ɗora kai a kan hannunta a bisa tebur, takalmi ɗaya a cire, tana barci har da ɗan minshari.

Na rage wutar. Na ɗauko zane na lulluɓa mata, na zauna a kujerar da ke fuskantarta na naɗe hannu. Awa biyu muna haka. Da ta farka ta dubi agogo ta yi salati irin nasu, ta ce yara sun kusa tashi daga makaranta. Ta kurɓi shayin da ya huce a tsaye, tana neman takalminta da ƙafa.

A bakin ƙofa ta ce, “Ƙanwata, ba ki ƙarasa mini labarin ba. Me maƙwabciyar ta kawo?”

Na ce, “Burodi ne kawai, Yaya. Ki gaida yara.”